Wanda Ya Murɗa Maɓallin

Faifan ya ɓace ne da rana tsaka, alhali ƙofa na kulle, taga na kulle.

Injiniya ce ta fara gani. Aikinta ceto tsofaffin bidiyo, ta juye su cikin kwamfuta kafin su lalace. Tsofaffin 'yan wasan gidan wasan kwaikwayo ne suka ɗauko ta daga wani gari, suka ba ta ɗakin da suke canza kaya a da, can ƙarshen wani dogon lungu a bayan dandamali. Ranar ta fita sayo ƙarin ma'ajiyar kwamfuta, ta dawo ta tarar da kwalin faifan a kan tebur, baki buɗe, ba komai ciki.

Faifai ne irin na da, mai faɗin tire, mai ƙyalli kamar madubi. Akwai 'yan'uwansa jere a ɗakin, na sauran wasannin ƙungiyar, ba wanda aka taɓa. Wanda aka ɗauka shi ne wanda ba shi da na biyu: wasan ƙarshe na Mai Fitila.

Da wannan suna kowa ya san ta, saboda rawar da ta taka a wasan. Ta rasu ta bar 'yarta tana rarrafe. Hotunanta suna nan a bango, amma tafiyarta da muryarta babu su ko'ina sai a wannan faifai.

Kafin la'asar lungun ya cika da tsofaffin 'yan wasa. Ba wanda ya ɗaga murya da farko, sai dai kowa idonsa na kan Injiniya. Tela, tsohuwar da ta ɗinka wa ƙungiyar kayan wasa tun kafuwarta, ita ta faɗi abin da ke bakin kowa.

"Shekara da shekaru faifan nan yana nan lafiya lau. Baƙuwa ta zo, ya yi ƙafa."

Ta fizge makullin daga hannun Injiniya, ta kulle ɗakin, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

Tilo, 'yar marigayiyar, tana jingine da bango. Malamar makaranta ce a wani gari, hutu ta ɗauka musamman don ta ga uwarta tana motsi karo na farko a rayuwarta. Ta fita waje, ta kira kawunta.

*

Kawun nata ƙanin Mai Fitila ne. Ya yi aikin binciken laifi har ya ajiye, amma sunan Mai Bin Sawu bai bar shi ba. Mutum ne marar yawan magana, mai yawan kallon ƙasa.

Ya karɓi makulli wurin Tela, ya hana kowa biyo shi. A lungun ya tsaya ya daɗe. Bangon ya tsufa, ƙura ta kwanta a kansa, amma akwai wani siririn layi mai tsabta daidai ƙugun mutum, tun daga bakin lungun har ƙofar ɗakin, kamar wani ya ja yatsunsa a kai yana tafiya. Ya duba makullin ƙofar, ba a ɓalle shi ba. A ciki na'urori na kunne har yanzu, suna ɗan gurnani. Kujerar aiki ba ta gaban tebur. An ja ta har gaban allon kallo, ta kusa haɗuwa da shi.

Bai taɓa komai ba. Ya fito ya sake kullewa.

"Kawu, za a same shi?" in ji Tilo.

"Wanda ya ɗauka bai yi sauri ba," ya ce. "Har zama ya yi. Ɓarawo ba ya zama."

*

Mai Gadi yana bakin ƙofar gidan a kan bencinsa, rediyo a cinya. Tsoho ne, tun zamanin da gidan ke cika maƙil yake gadin wurin.

"Makullin ɗakin nan, wa ke da shi?"

"Ni da Injiniya, ranka ya daɗe. Nawa ga shi nan a ƙuguna, ko wanka zan yi ba na cire shi."

"Ka bar ƙofar nan da rana?"

"Ni? Ko fitsari ban je ba."

"To wa ya shigo bayan ta fita?"

Mai Gadi ya rage muryar rediyo, ya ƙara, ya sake ragewa. "Ba baƙon da ya shigo."

"Ka tabbata?"

"Wallahi ba baƙon da ya shigo." Ya share gumi da hularsa. "Amma in kana neman wanda idonsa ke kan faifan nan, ka je wurin Dillali. Kullum sai ya zo yana leƙe. Shekaranjiya da kunnena na ji yana roƙon Injiniya ta bari ya riƙe shi ko da na minti ɗaya."

*

Shagon Dillali yana bayan kasuwar kayan lantarki, cike da tsofaffin faifai da kaset har rufi. Da ya ji abin da ya kawo baƙonsa, sai ya nemi wuri ya zauna a kan wani kwali.

"Ni ake zargi? To, ba laifi. Na roƙa a ba ni in riƙe, gaskiya ne. Malam, ina saurayi na kalli wasan nan daga kujerar can baya, wadda ginshiƙi ke tare rabin dandamali. Har yau in na rufe ido ina ganin yayarka ta shigo da fitilar nan."

"Duk wannan ba ya wanke ka. Ƙara maka dalili ma yake yi."

"Na sani. To amma ka ce an bar kwalin a kan tebur?"

"An bar shi."

Dillali ya girgiza kai. "Wanda ya san faifai ba zai ɗauke shi tsirara ba. Ko zanen yatsa yana iya cutar da shi, balle aljihu ko jaka. Ni da zan yi sata, kwalin zan fara ɗauka. Na biyu kuma, na'urar da ke kunna irin faifan nan, mai aiki, guda ɗaya ta rage a duk inda na sani. Tawa ce. Ni na ara wa Injiniya, tana can cikin ɗakin da kuka kulle. In saci faifai in kalle shi da me? Da murfin tukunya?"

Maƙwabtansa biyu suka shaida cewa tun safe yana shagon yana rigima da mai gyaran fanka. Mai Bin Sawu ya yi masa sallama. Har ya kai ƙofa, Dillali ya kira shi.

"In an same shi, don Allah a bar ni in tsaya ko a bakin ƙofa ne."

*

Saura mutum ɗaya da Mai Bin Sawu ba ya son zuwa wurinsa: Darakta, mijin marigayiyar, mahaifin Tilo. Shi ya shirya wasan, shi kuma ya ɓoye faifan a akwatinsa duk tsawon shekarun nan, sai da Tilo ta yi ta roƙo kafin ya bayar. Tsakaninsa da ƙanin matarsa gaisuwa ce kawai. Mai Bin Sawu bai taɓa mantawa ba cewa yayarsa tana tari ana hawa da ita dandamali, gari bayan gari, har ciwon ya ci ƙarfinta.

Washegari da rana ya same shi a falo. An zuge labule duka, rana na shigowa, ga kuma ƙwan lantarki a kunne. Darakta ya amsa sallama bai ɗago ya dube shi ba, fuskarsa na wajen taga. Ya zuba masa shayi da kansa, har ya ɗan malala a kan faranti.

"Ka ji abin da ya faru."

"Na ji."

"Ba ka zo ba."

"In zo in yi me? Tun farko na ce a bar matattu su huta."

"Mutanenka sun ce Injiniya ce."

"Ku ƙyale baiwar Allah nan. Ba ita ba ce."

"Ya aka yi ka sani?"

Darakta ya kai hannu kan tebur. Ya shafa gefen kofinsa da yatsa kafin ya ɗauka. "Na yi shekaru ina kallon mutane suna yin ƙarya a kan dandamali. Na san mai yi da marar yi."

"Jiya da rana kana ina?"

"Ina inda nake kullum. Ka gama? Kaina na ciwo."

Mai Bin Sawu ya fito ransa a ɓace. A hanya ya gama yanke hukunci a zuciyarsa: mutumin nan ne. Ya ba da faifan don kunya, ya koma ya ɗauke don rowa. Ya cinye matarsa tana raye, yanzu ma ba ya son kowa ya raba ta da shi, ko da 'yar da ta haifa. Ko kallon ido bai iya yi masa ba. Amma zato ba hujja ba ne, kuma ya san rabin zaton nan tsohon haushi ne.

*

Washegari da safe ya je masaukin Injiniya, ya tarar tana haɗa kaya, idanunta sun kumbura.

"An riga an kira wani gidan tarihi da zan yi wa aiki bayan wannan," ta ce. "An ce musu kada su ba ni amanar komai. Baba, wannan sana'a ba ta da jari sai amana. Wa zai sake miƙa mini abin da ba shi da na biyu?"

"Ajiye jakar. Zo ki duba mini ɗakin nan. Ni na ga abin da idona ya sani, ke ki ga abin da naki ya sani."

Da suka shiga ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana dubawa. Na'urar kunna faifai tana nan, kwamfuta tana nan. Tsakaninsu akwai wani ɗan akwatin ƙarfe mai maɓallin murɗawa guda ɗaya. Tana ganinsa ta dafe ƙirji.

"Wa ya taɓa wannan?"

A jikin akwatin ta manna ɗan farin salatif, ta ja layi da biro. Bakin maɓallin ya wuce layin nesa, an murɗa shi har inda ya tsaya.

"Mene ne aikinsa?"

"Ƙarfin sigina." Ta jawo kujera, muryarta ta canza, ta koma ta mai aiki. "Faifan nan ba lambobi ne a cikinsa ba kamar na yanzu. Sigina ce mai hawa da sauka, kamar igiyar ruwa, kuma tana fitowa da rauni. Wannan akwati yana ƙara mata ƙarfi kafin kwamfuta ta auna ta. In ka ba ta kaɗan, kwamfuta ba ta jin ta sosai, kamar mai raɗa a tsakiyar kasuwa, ƙananan abubuwa su ɓace. In ka ba ta da yawa, kan igiyar ya bugi rufi ya yanke. Abin da ya yanke kuwa ya tafi, ba gyaran da zai dawo da shi."

"Shi ya sa kika yi layi."

"Kwana da kwanaki na yi ina neman layin nan. Ƙarfin siginar ba ɗaya ba ne a duk faifan, na kusa da rami daban, na bakin gefe daban. Sai ka auna farko, ka auna tsakiya, ka auna ƙarshe, ka saita a kan inda ya fi ƙarfi, sannan ka bar ɗan sarari a sama. Da sauran faifan ƙungiyar na yi gwajin, don aiki ɗaya ne aka buga su. Na Mai Fitila gefensa ya fara ɓamɓarewa, na so in juya shi sau ɗaya tak, in ɗauke shi daidai." Ta dubi na'urorin. "Komai a shirye na bari. Na'urori na ɗumi, kwamfuta na jira. Na saita ta da zarar faifai ya fara juyawa ta fara..."

Ta tsaya. Ta juya ga kwamfutar da sauri.

Akwai sabon fayil, na ranar da abin ya faru.

"An kunna shi," ta ce a hankali. "A nan ɗakin aka kunna shi."

Ta buɗe zanen siginar. Wani koren zare ya miƙe a kan allo. A farkonsa yana hawa yana sauka cikin natsuwa, da sarari sama da ƙasa. Can sai ya yi tsalle ya ƙara kauri. Ya ɗan tafi a haka, ya sake tsalle. Ya sake. Kamar matakalar bene, har ya bugi rufin allon ya zama shafaffe, ba hawa ba sauka.

"Ba kuskuren hannu ba ne," in ji Mai Bin Sawu. "Yana murɗawa, yana jira, yana sake murɗawa. Me yake nema?"

"Ban sani ba. Wanda ya san aikin ba zai yi haka ba. Ɓarawo kuma me ya kai shi?"

"Wanda bai sani ba fa? Ya laluba ya ji maɓalli ɗaya a kusa da allo. Me zai ɗauka?"

"Zai ɗauka irin na tsohuwar talabijin ne. Na ƙara haske." Ta girgiza kai. "Amma ba ya ƙara haske ko kaɗan, farfasa hoton kawai yake yi. Kuma hoton ai ba duhu gare shi ba, duba farkon nan, ras yake. Mai ido ba zai..."

Mai Bin Sawu ya sunkuya daidai tsayin kujerar da aka ja, ya kalli gilashin allon ta gefe. A tsakiyarsa akwai tabon maiƙo, irin wanda goshi ke bari in an jingina shi.

Ya miƙe a hankali. Layin yatsu a bangon lungu ya dawo masa, da ƙwan lantarki da rana tsaka, da shayin da ya malala, da fuskar da ta ƙi juyowa ta dube shi. Shekara nawa yana karanta sawun mutane, ya zauna gaban wannan ya karanta raini.

"Farkon nan mai kyau," ya ce, "za ki iya mayar da shi hoto?"

"Zan iya. 'Yan mintuna ne kawai."

"Yi. Zan tara mutane da yamma."

*

Suka taru a zauren wasan, a layin kujerun gaba da suka rage da lafiya. Tela da sauran tsofaffin 'yan wasa, Mai Gadi, Dillali a tsaye can gefe, Injiniya ita kaɗai a ƙarshen layi. Darakta ya zo a ƙarshe, Tilo na gefensa, wata jakar fata a rataye a kafaɗarsa. Ya bi ta tsakanin kujeru ba tuntuɓe, gidan da ya sani kamar tafin hannunsa.

Mai Bin Sawu ya tsaya a gabansu.

"Dillali bai ɗauka ba, yana shagonsa. Injiniya ba ta ɗauka ba, kuma wanda ya kira waya ya ɓata mata suna, shi zai sake kira ya gyara." Tela ta sunkuyar da kai. "Mai Gadi, na tambaye ka wa ya shigo, ka ce ba baƙon da ya shigo. Ni ban tambaye ka baƙo ba."

Mai Gadi ya cire hularsa ya murƙushe ta a hannu.

"Wanda ya shigo ɗan gida ne, yana da tsohon makullinsa da kowa ya manta da shi. Ya san na'urar tun zamaninta, ko ba ya kallo zai iya sa mata faifai. Ba sata ta kawo shi ba. Kallo ya zo yi. Ya ja kujera har gaban allo, ya manna goshinsa, bai gani ba. Ya laluba ya sami maɓalli, ya zaci na haske ne. Ya murɗa, ya jira. Ya murɗa, ya jira. Har maɓallin ya ƙare."

Mai Bin Sawu ya ɗauko kwalin faifan, ya taka a hankali ba ƙara, ya tsaya a hagun Darakta, ya miƙa masa. Darakta bai motsa ba. Fuskarsa na can inda muryar ta fito ɗazu.

Tilo ta dubi kwalin, ta dubi mahaifinta. "Baba," ta ce, "Kawu na miƙo maka abu."

Ya miƙa hannu dama, ya kama iska.

Wata daga cikin tsofaffin ta yi salati. Tilo ta riƙe hannun nasa da ke rataye a sarari, ta sauke shi a hankali.

"Tun yaushe, Baba?"

"Ya daɗe." Muryarsa ba ta rawa, sai dai ta yi ƙasa. "Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, ba abin yi. Da gefe ya fara, yana matsowa. Yanzu saura ɗan haske a tsakiya, kamar ramin makulli, shi ma yana rufewa. Gidana na sani, hanyar nan na sani, muryoyinku na sani. Ba wanda ya lura sai wannan," ya nuna wajen Mai Gadi, "na kuma rantsar da shi."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ki bar aikinki ki zo ki zauna jan makaho? Uwarki na riga na..." Ya tsaya. "Kun ce za ku tara jama'a a nuna wasan. Na ga kaina zaune a gaba, kowa na kuka, kowa na juyowa ya ga fuskata, ni kuwa ban ga komai ba. Na ce bari in je ni kaɗai tun da sauran ɗan ramin nan. Ko sau ɗaya." Ya sauke numfashi. "Na ji muryarta. Na ji takunta a kan katakon nan. Allon kuwa hazo kawai. Na yi ta ƙara haske, sai muryar ma ta fara karkarwa, ta koma ƙara. Na tsorata, na ce na ɓata musu na'ura. Na buɗe in cire shi, ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa."

Ya buɗe jakar fatar, ya fito da wani abu naɗe cikin farar riga. Injiniya ta taso ta karɓa da hannu biyu, ta warware. Faifan ne, ya tsage daga bakin gefe har ramin tsakiya.

"Zai gyaru, 'yata?" ya tambaya. "Gaya mini gaskiya."

Ta daɗe tana kallon faifan. "In aka sa shi ya juya, tarwatsewa zai yi, Baba. Ba zai sake kunnuwa ba."

Ya gyaɗa kai. "Na ji ana zaginki, na zauna a gida na yi shiru. Wannan ya fi fasa faifan muni. Ki yafe mini."

Injiniya ta matso kusa da shi. Ta durƙusa ta ɗora faifan a cinyarsa, ta ɗora hannunsa a kai.

Mai Bin Sawu ya zauna a kujerar da ke kusa da shi. Rabonsa da zama kusa da mutumin nan tun ranar jana'iza.

"Yaya," ya ce, "ba duka ya tafi ba. Kafin ka taɓa maɓallin, kwamfuta ta ɗauki farkon wasan daidai yadda Injiniya ta saita. Kaɗan ne, amma yana nan."

*

Aka ɗauko allon aka ɗora a bakin dandamali. Ba wanda ya tafi. Dillali ya matso, Tela ta matsa masa wuri. Injiniya ta danna.

Dandamalin da ke bayan allon ya bayyana a cikin allon, sabo, labulensa ja. Daga hagu wata mace ta shigo riƙe da fitila, tana kare harshen wutar da tafin hannu.

Tilo ta toshe bakinta. Mai Bin Sawu ya ƙura wa allon ido. Ya manta yayarsa tana ɗan karkata kai in tana tafiya.

"Ta shigo?" in ji Darakta.

"Ta shigo, Baba."

"Gaya mini."

"Doguwa ce. Ban san doguwa ce haka ba." Tilo ta share ido da bayan hannu don kada ta rasa komai. "Rigarta shuɗiya, hannun ya yi mata yawa. Tana tafiya a hankali, tana kallon wutar. Yanzu ta tsaya. Ta ɗago. Baba, tana da wushirya!"

"Tana da ita."

"Hannunta irin nawa ne. Duba yatsunta... Ta ajiye fitilar a kan tebur. Tana murmushi, amma kamar ba da kowa take ba."

Muryar matar ta cika zauren, mai ɗan kauri, tana tambaya ko akwai kowa a gidan. Tsofaffin 'yan wasa suna motsa leɓe tare da ita.

Sai wani farin zane ya gifta allon. Wani ya biyo. Fuskar ta fara rawa, ɗigo-ɗigo baƙi da fari suka watsu a kanta, launin rigar ya zube. Muryar ta soma karkarwa. Hoton ya yi tsalle ya ƙara farfashewa, ya sake, har ba a iya raba mutum da labule. Injiniya ta kai hannu ta kashe ƙarar.

"Shi ke nan, Baba," in ji Tilo. "Ya ƙare. A nan ya tsaya."

"A ina? Me take yi?"

"Ta juya wajen ƙofa, kamar ta ji motsi. Ta ɗaga ƙafa za ta taka."

Darakta ya shafa fasasshen faifan da tafinsa. Da ya yi magana, muryarsa ta fito da wani ƙarfi da tsofaffin 'yan wasan suka sani, har wasu suka gyara zama.

"Ba ta taka ba. Nan take mayar da ƙafar. Ni na ce ta tafi kai tsaye, ita ta ce a'a, mace mai jiran wani ba ta gudu zuwa ƙofa, tsoro take ji kada ya zama ba shi ba ne. Muka yi ta musu, ta ci ni. Sai ta koma ta ɗauki fitilar, ta ɗaga ta daidai fuskarta."

"Hannun hagu," in ji Tela, tana kuka. "A dama na ɗinka mata aljihun ashana."

"Hannun hagu," ya amsa. "Daga nan ta kira sunan wanda take jira sau ɗaya, a hankali, yadda na kujerar baya sai ya miƙa wuya."

"Mun ji," in ji Dillali. "Wallahi har can mun ji."

Tilo ta jingina kanta da kafaɗar mahaifinta, ta rufe ido.

"Sai me, Baba? Bayan ta kira shi, sai ta yi me?"

Ya gyara murya, ya ci gaba.